Magaji a Filin Wani

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Na sha ɗaukar biro ina ajiyewa, domin ni ko a cikin mutane ba na iya magana, balle a takarda, kuma karatuna bai wuce firamare ba. Yayar mijina ce ta matsa mini. Ta ce wata rana yaron zai tambayi yadda aka yi ya sami sunansa, kuma in ban faɗi nawa ba, kowa zai gaya masa nasa.

A filin wani muke zaune. Fili ne babba, an kewaye shi da katanga, ƙofarsa ta ƙarfe ce mai kuka in an tura ta. Ciki babu komai sai ciyawa, da tulin bulo da ya yi baƙi saboda daɗewa, da rijiya a kusurwa ɗaya. Ɗakunanmu suna kusa da rijiyar, guda biyu, na katako da kwano. Ɗaya namu ni da mijina, ɗaya na surukata, wadda muke kira Iya. Mijina faci yake yi. A bakin ƙofar filin yake ajiye injinsa na iska da bahonsa na ruwa, tsofaffin tayoyi kuma a jingine da katanga.

Mahaifinsa shi ne mai gadin filin tun kafin a haife shi. Ban riski tsohon da rai ba, amma na riski dokokinsa. Mai gadin fili ba ya dasa bishiya. Ba ya zuba siminti, ko da na bakin murhu ne. Ba ya kafa abin da ba zai iya cirewa ya ɗora a amalanke ba. Duk abin da ya yi saiwa, masu fili za su ɗauka ka fara sa rai. Shi ya sa tumatir da barkonon Iya a cikin tsofaffin bokitai suke, ba a ƙasa ba.

Abu ɗaya Iya ta dasa wanda ba ya ciruwa, shi ne sunayen 'ya'yanta. Ta fari ta sa mata Magajiya, mijina kuma ta sa masa Gado. Dalilinta shi ne, ranar da aka gama haƙa rijiyar, mai filin ya tsaya a bakinta ya ce wa mai gadinsa, daga rijiya zuwa katanga, wannan kusurwar taka ce, kai da 'ya'yanka. Da baki ya faɗa. Ba a rubuta ba, kuma mai gadi bai taɓa samun ƙarfin sake tayar da maganar ba.

Sunayen ma bai iya riƙe su ba. Wata rana direban mai fili ya ji an kira mijina, ya yi dariya ya ce, "Gado? Gadon me, sanda da tocila?" Tun daga nan tsohon ya daina kiran 'ya'yansa da suna in akwai baƙo. Sai "ke" da "kai". Unguwa ta ɗauka, aka koma ce wa mijina Ɗan gadi, yayarsa kuma da ta koyi ɗinki ta zama Tela. Ni kaina sai ranar ɗaurin aurenmu na ji sunan mijina na gaskiya, har na ɗauka an yi kuskuren ango.

Mai gadi ya rasu, mai fili ma ya rasu. Filin ya koma hannun 'ya'yansa, kuma ƙaraminsu, wanda Iya take kira Auta duk da furfurar da ta fara fito masa, shi ne mai zuwa duba shi. Ina da tsohon ciki lokacin da ya kawo masu awo. Suka ja igiya, suka kafa turaku, ɗaya turken a daidai ƙofar ɗakin Iya, har sai ta kewaye shi in za ta fita. Auta ya ce yayyensa suna so a sayar a raba. Ya ce masu sayen shaguna za su gina, kuma ya riga ya yi musu magana: za su ba mijina aikin gadi, da ɗaki a bakin ƙofa, kuma zai ci gaba da facinsa. Mijina ya yi ta godiya. Iya kuwa ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Da na haihu, namiji, ɗakina ya cika da mata. Tela ta zo da 'yan riguna da ta ɗinka, ta zauna a bakin gado tana wasa da ƙafar jaririn.

Ta ce, "To wane suna za a ba baƙon nan? Ni dai kada a sake ba mu sunan da za a riƙa ɓoyewa kamar kayan sata."

Matar mai shago ta ce, "Ku sa masa Maigida mana."

"Maigida a ɗakin kwano? A yi ruwa, a tarar da maigida yana tare yoyo da roba."

Wata maƙwabciya, matar malamin makaranta, ta ce a sa masa Maliki ko Warisu, tunda sunaye ne na littafi, ba mai cewa komai.

Tela ta ce, "Me suke nufi?"

"Mai mallaka, da mai cin gado."

"Ai duk kanwar ja ce, an dai naɗa mata rawani. Da mace ce ma da kun ce Rauda, wai lambu. Ga lambunmu can a bokiti."

Aka yi dariya, ni ma na yi, duk da ciwon da nake ji. Iya tana tsugune a bakin ƙofa tana fifita wuta. Ba ta ɗago ba ta ce, "Magaji."

Dariyar ta tsaya. Tela ta saki ƙafar yaron.

"Iya, wasa fa muke yi."

"Ni ba wasa nake yi ba. Kakansa yana da wuri a nan. Wanda yake da wuri yana da magaji."

Matar mai shago ba ta iya riƙe magana, ko ruwa ka ba ta ajiya sai ta yayyafa wa wani. Kafin rana ta faɗi an sani daga wajen mai shayi har wajen masu wanki.

Auta ya zo da la'asar, ɗauke da sabulu da man shafawa na jarirai. Ya durƙusa ya gaida Iya kamar yadda ya saba, ya leƙo ya yi mini barka, sannan ya zauna a kan benci a tsakar wurin. Mijina ya baro faci ya shigo, hannunsa duk baƙin taya. Bangon ɗakinmu katako ne, babu abin da ba na ji.

Auta ya ce, "Iya, na ji wata magana, na ce gara in zo da kaina."

"Ka kyauta."

"Masu sayen nan ba takarda kawai suke dubawa ba. Suna turo mutum ya zaga unguwa, ya zauna wajen mai shayi, ya tambayi maƙwabta ko akwai mai magana a kan fili. Filin da yake da magana ba sa taɓa shi, ko kyauta ne. Yanzu in ya zo ya ji ana cewa gidan su Magaji, ana cewa maman Magaji, dole ya tambaya magajin wa."

"Sai a gaya masa."

"Iya, ni ban taɓa jin Baba ya faɗi haka ba."

"Ina za ka ji? Kana goye a bayana lokacin, kana barci, kana zuba mini miyau a wuya."

Ya ɗan yi dariya, amma ba ta kai ciki ba. Sannan ya juya ga mijina.

"Ga abin da na gani. Ka sa wa yaron sunan Baba. Girmamawa ce, kuma kowa zai ga zumunci ne tsakaninmu, ba rigima ba. Ɗakin bakin ƙofa yana nan, aikin yana nan, facinka yana nan. In kuwa aka sa wancan, yayyena ba za su saurare ni ba. Za su ce a kwashe ku kafin magana ta yi tsawo, kuma ba ni da bakin hana su. Ba barazana nake yi ba. Na san su ne."

Bayan ya tafi, ƙofar ƙarfen ba ta gama kuka ba mijina ya fara.

"Iya, suna ba ya tare ruwan sama."

"Ubanka ya yi shiru har ya mutu. Me shirun ya saya masa?"

"Ya saya mana wurin kwana."

"Wurin kwanan da turke yake a ƙofarsa."

"To in aka kore mu, ina za mu? Da jaririn da ko cibiyarsa ba ta warke ba? Wurin Yaya, mu kwana a ƙarƙashin keken ɗinki?"

"Da ka sayar da sunan ɗanka da ɗakin bakin ƙofa, ai gara ƙarƙashin keken."

Ban taɓa jin sun yi irin wannan ba. Mijina mutum ne mai sanyi, ko mai mota ya zage shi a kan faci sai ya ce a yi haƙuri. Ya ɗaga labulen ɗakina ya tsaya, idonsa ya yi ja.

"Ke fa? Ke kika sha wahalar. Faɗi."

Iya ma ta taso ta tsaya a bayansa. Na ji kamar in shige cikin katifa. Gaskiya a lokacin ɗakin nake so. Na tuna gidanmu, ɗaki ɗaya da ƙannena a jere kamar icen girki, babu inda za a shimfiɗa jariri. Na tuna injin iskan mijina, da yadda masu motoci suka saba da bakin ƙofar nan, in ya tashi sai ya fara daga farko. Amma ban iya faɗa a gaban Iya ba. Na sunkuyar da kai na ce, "Duk abin da ka ga ya dace."

Iya ta dube ni, ta juya ta koma wajen wutarta.

Daga ranar ta daina maganar. Ba ta fasa komai ba: ita take dafa mini ruwan wanka, ita take wanke kayan yaron, ita take karɓarsa in ya hana ni hutawa. Amma ba ta yi masa waƙa, ba ta kiransa da komai. Takan riƙe shi ta zuba masa ido kawai. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Tela ta zo ta ga yadda gidan yake, ta ce, "Wannan shiru haka, ko makoki ai ana tari."

Ranar suna aka share ciyawa a tsakiyar filin, aka shimfiɗa tabarmi ga maza. Mata suna ɗakina da bakin ƙofa. Akwai wata tsaga a katakon da ke kusa da gadona, in na karkata ina ganin waje. Auta ya iso tare da wani mutum siriri mai tabarau, ya ce abokinsa ne. Amma mai shayi ya riga ya gaya wa mijina cewa mutumin nan ya sha zuwa wajensa, yana sayen shayi ba ya shanyewa, sai tambaya. Kowa ya san ko wane ne. Auta ya kawo shi ne ya gani da idonsa cewa babu rigima.

Mijina ya faɗi sunan marigayi mai fili. Aka yi addu'a, aka shafa. Na ga Auta ya saki numfashi, ya dafa kafaɗar mijina. Iya tana zaune kusa da ni tana ninke tsummokin yaro, hannunta bai tsaya ba. Na ce a raina, shi ke nan, an wuce wurin.

Ana rabon abinci, Auta ya jawo mijina gaban mai tabarau.

"Wannan ɗan mai gadinmu ne. Yaron kirki, a gabanmu ya tashi."

Mutumin ya miƙa masa hannu. Mijina ya goge nasa a riga tukuna, duk da a wanke yake.

"Yaya sunanka?"

"Ɗan gadi ake ce mini."

"A'a, sunanka na gaskiya."

Mijina ya dubi Auta. Ya kai hannu yana sosa ƙeya, yana wata irin dariya da ban san shi da ita ba. Mutum mai mata da ɗa, a ranar sunan ɗansa, a wurin da aka haife shi.

Ya ce, "Ai shi ɗin ne, ranka ya daɗe."

A nan ne hannun Iya ya tsaya. Ba ta leƙa ba, ta ji ne kawai. Ni kuwa na dubi yaron a cinyata. Na ga shi ya girma, yana tsaye a ɗakin bakin ƙofa, da sunan mai fili a kansa, yana goge hannu a riga.

Ba a daɗe ba sai ga mai tabarau a bakin ƙofarmu, shi kaɗai. Malamin makaranta ya riƙe Auta da hira a can baya. Mutumin ya yi sallama, ya cire takalmi duk da bai shigo ba, ya tsuguna a bakin labule. Matan suka gyara mayafi. Ya gaida Iya, ya yi mini barka, ya ajiye abin da ya kawo a gefen tabarma. Maganarsa a hankali take, kamar mai lallashin kaza.

"Na ji an yi wa marigayi takwara. An kyauta. To amma ai ba za ku riƙa kiran sunan babban mutum haka gatsau ba. Me za a riƙa ce masa a gida?"

Tela ta yi caraf ta ce, "Bai zaɓa ba tukuna, ranka ya daɗe. Mun tambaye shi, ya ce sai ya yi shawara."

Matan suka yi dariya fiye da yadda maganar ta kai. Shi ma ya yi murmushi, amma bai dube ta ba. Ni ya duba.

"Uwa ita ta san abin da take kiran ɗanta in ba kowa."

Ina jin ƙarar cokula a waje. Tela ta sa yatsa ta danna mini cinya ta ƙarƙashin zane. Iya ta sunkuyar da kai, ba ta dube ni ba, ba ta ba ni wata alama ba. Da ta dube ni, wataƙila da na yi shiru.

Na faɗa. Amma muryata ba ta fita ba, ni kaɗai na ji.

Ya matso kaɗan ya ce, "Na'am?"

Ƙofa ce ya buɗe mini. Da na ce babu komai, da ya tashi ya tafi. Yaron ya yi nauyi a hannuna kamar an ƙara masa wani.

Na ce, "Magaji."

"Magajin wa?"

"Na kakansa."

"Kakansa yana da me?"

Ban taɓa yi wa baƙon namiji magana mai tsawo haka ba. Idona a kan tabarma na ce, "Kusurwar nan. Daga rijiya zuwa katanga. Mai filin ne ya ba shi, da bakinsa. Ni ba na nan, amma ga wadda take nan."

Ya juya ga Iya. "Haka ne, Iya?"

Iya ta ɗago kai. Ta ce, "Haka ne."

Bai ƙara tambaya ba. Ya ce Allah ya raya, ya sa takalminsa, ya tashi. Ta tsagar katako na ga ya je ya tsaya a bakin rijiya, ya dubi katanga, ya dubi turken da ke ƙofar Iya. Sannan ya ja Auta gefe. Ba su daɗe ba. Mutumin ya fita shi kaɗai.

Tela ta ce a hankali, "Ke, ashe kina da baki? Da kin bar shi a inda kika ajiye shi."

Auta ya tako har bakin ƙofarmu. Na ɗauka zai yi ihu, bai yi ba. Fuskarsa ce kawai ta sake, kamar wanda ya kwana bai yi barci ba.

Ya ce, "Iya, na yi iya ƙoƙarina. Allah ya gani."

"Na sani, Auta."

"Zuwa ƙarshen wata za ku tashi. Ba ni na faɗa ba, amma haka za su ce, gara ku ji daga bakina." Ya juya ga mijina, wanda ya biyo shi bai san me ya faru ba. "Da kayan facinka na bakin ƙofa."

Ya tafi bai ci abinci ba. Mutane suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa da uzurinsa. Matar mai shago ta tuna ta bar wuta a kunne. Kafin azahar filin ya koma yadda yake, sai tabarmi da kwanukan shinkafa da ƙuda yake bi.

Mijina bai shigo ɗaki ba sai da rana ta yi sanyi. Ya wuni zaune a kan taya a bakin ƙofa, mota biyu sun tsaya ya ce musu injin ya lalace. Da ya shigo ya tsaya a kaina, bai zauna ba.

"Kin san abin da kika yi?"

"Na sani."

"Na tambaye ki. A nan ɗakin na tambaye ki, kika ce duk abin da na ga ya dace."

"Haka na ce."

"To me ya sauya?"

Na so in gaya masa na gan shi ta tsagar katako. Na buɗe baki, na ga in na faɗa zai fi masa ciwo fiye da korar.

Ya ce, "An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Wannan ruwan mu duka zai doka, har shi." Ya nuna yaron da haɓa.

Iya ta ɗaga labule ta shigo da ruwan zafi. Na ɗauka ko ita za ta tsaya mini. Ta dire bokitin ta ce, "Wa ya aike ki?"

Na ɗago na dube ta.

"Ni tsohuwa ce. In na yi surutu, a ce tsufa ne, a yi dariya a wuce. Ni na riga na haƙura tun da ya faɗi sunan can. Ke da ɗanyen jiki da jariri, wa ya ce ki ɗauki kayan da ni na sauke?"

Hawaye suka zubo mini. Ta zauna a bakin gado, ta karɓi yaron, ta gyara masa hula. Da ɗaya hannun ta kama nawa ta riƙe, ba ta saki ba, tana ci gaba da yi mini faɗa.

Mijina ya zauna a ƙasa, ya jingina da bango. Can ya ce, "Maganar baki ce, Iya. Mai faɗa ya mutu, wanda aka faɗa wa ya mutu. Saura ke kaɗai, kuma ke uwata ce. Wa zai karɓa?"

"Ba ni kaɗai ba ce."

"Da wa?"

"Uwar Auta. Tana zaune a kan tabarma a inuwar mota ranar, ai don ta huta na goya mata shi. Ta ji. Har ta ce Allah ya sa albarka."

"Tana da rai kika yi shiru duk shekarun nan?"

"Ubanka ya hana ni zuwa. Bayan ya mutu kuma ƙafata ta riga ta saba da rashin zuwa. Sau nawa ina ɗaura mayafi, in kai bakin titi in dawo. Ina tsoron in je ta ce ba ta tuna ba. In ta ce haka, ni ma sai in fara shakkar kunnena."

"To ko ta tuna, za ta kunyata 'ya'yanta saboda mu?"

"Ban sani ba."

Mijina ya tashi ya fita kwashe tabarmi. Ina jin yana kakkaɓe su da ƙarfi fiye da yadda ƙurar ta kai.

Da gari ya waye ya fita neman ɗakin haya, bai karya ba, bai ce mini komai ba. Na yi wanka, na shayar da yaron, na sa masa ɗaya daga cikin rigunan Tela. Na tarar da Iya tana ba tumatirinta ruwa. Na tambaye ta kwatancen gidan uwar Auta.

Ta ce, "Ba ki isa fita ba. Jikinki bai yi ƙwari ba."

Na ce a hankali zan tafi.

"In ta ce ba ta tuna ba fa?"

Na ce to sai in dawo.

Sannan ta ajiye gwangwanin, ta goge hannu, ta yi mini kwatance dalla-dalla: motar da zan shiga, inda zan sauka, gidan da yake bayan asibiti mai koren ƙofa. Ta lulluɓe yaron da mayafinta mai kauri, ta raka ni har bakin titi. A nan ta tsaya.

Motar ta cika, wani dattijo ya tashi ya ba ni wuri. Duk ramin da muka faɗa sai na ji shi a cikina. A hanya na yi ta shirya abin da zan faɗa, in na kai ƙarshe sai farkon ya ɓace mini.

Na sami gidan. Na tsaya a gaban ƙofar har wani mai keke ya wuce ya dawo ya same ni a wurin. Sannan na ƙwanƙwasa. Mai gadin gidan ya leƙo ta ƙaramar taga, ya dube ni, ya dubi abin da nake riƙe da shi. Na gaya masa daga filin nake, wajen tsohuwa na zo. Ya ce ba ta fito ba tukuna, kuma ba kowa take gani ba, in koma in dawo wani lokaci.

Na ce zan jira.

Ya ce zai iya kaiwa azahar.

Na ce ba komai.

Ya rufe tagar. Jim kaɗan ya buɗe ƙofar, ya turo mini benci da ƙafa, wajen da inuwa take. Na zauna, na juya wa titi baya, na gyara mayafi na ba yaron nono.